Leonhard Euler: Makahon Da Ya Tsara Lissafin Duk Abin Da Ke Juyawa

Duk ɗalibin kimiyya da ya zauna jarrabawar fiziks a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, ko a wata kwalejin fasaha ta ƙasar nan, ya gamu da tambaya mai wannan fasali: ga faifai mai nauyi kaza, an naɗa masa igiya an ja da ƙarfi kaza, yaya saurin juyinsa zai riƙa ƙaruwa? Ƙa'idar da ake warware tambayar da ita ba ta cika layi ɗaya ba a rubuce, amma sai da masana suka shafe ƙarnuka kafin su cim mata. Wanda ya zaunar da ita yadda ake koyar da ita a yau shi ne Leonhard Euler, mutumin ƙasar Suwizalan, wanda ake furta sunansa Oila. Ya soma wannan aiki da ido biyu, ya yi tsakiyarsa da ido ɗaya, ya kammala shi yana makaho.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Euler a ranar 15 ga watan Afrilun 1707 a birnin Basel. Mahaifinsa Paul limamin coci ne, mahaifiyarsa Marguerite kuma ɗiyar gidan limamai ce. Yana jariri iyayensa suka koma ƙauyen Riehen da ke kusa da birnin, inda mahaifin ya fara koya masa karatu da lissafi. Burin uban shi ne ɗan ya gaje shi, saboda haka da ya shiga Jami'ar Basel a 1720, yana ɗan shekara 13, tafarkin karatun addini aka shimfiɗa masa, har da harsunan Girkanci da Ibrananci.

A jami'ar akwai wani babban malamin lissafi, Johann Bernoulli, wanda ba ya da na biyu a Turai a zamanin. Bai yarda ya koyar da yaron a keɓe ba saboda yawan aiki, sai dai ya ba shi sunayen littattafai, ya kuma ba shi damar zuwa gidansa kowace Asabar da yamma da duk abin da ya shige masa duhu. Yaron yakan dage ya rage yawan tambayoyinsa don kada ya gajiyar da malam, ta haka ya saba da warware matsala da kansa. Bernoulli ne daga baya ya shawo kan mahaifin ya bar ɗansa ya rungumi lissafi.

A 1727 Majalisar Kimiyya ta Paris ta sa gasa kan inda ya fi dacewa a kafa dogayen itatuwan da ake ɗaura wa ƙyallayen da iska ke tura jirgin ruwa da su. Euler bai cika shekara 20 ba, ƙasarsa kuma ba ta da teku, amma ya shiga ya zo na biyu, a bayan Pierre Bouguer na Faransa, gwanin harkar jiragen ruwa. Wannan tambaya ta juyi ce tun daga tushenta, domin iskar da ta bugi ƙyalle a sama tana neman ta kifar da jirgin ne a kan ruwa. Daga baya ya ci wannan gasa fiye da sau goma.

Zamansa na farko a Rasha

Ya nemi kujerar koyarwa a Basel bai samu ba. Ana cikin haka 'ya'yan Bernoulli da ke aiki a sabuwar Majalisar Kimiyya ta St. Petersburg suka samar masa gurbi. Ya isa Rasha a watan Mayun 1727, daidai lokacin da Sarauniya Catherine ta Ɗaya, wadda ke ɗaukar nauyin majalisar, ta mutu. Waɗanda suka riƙe mulki bayanta ba su damu da masana baƙi ba, kuɗi suka yi wuya, wasu malamai suka tattara suka koma gida. Euler ya yi haƙuri ya zauna. A 1733 ya gaji kujerar lissafi daga abokinsa Daniel Bernoulli, a shekara mai bi kuma ya auri Katharina Gsell, ɗiyar wani mai zane. Sun haifi 'ya'ya 13, biyar kaɗai suka girma.

Ma'aikacin gwamnati ne a cikakkiyar ma'anar kalmar. An sa shi aikin taswirar ƙasar Rasha, da duba injuna, da harkar awo da ma'aunai, har ya rubuta maƙala kan yadda ya kamata a ƙera ma'auni mai kwano biyu don ya faɗi gaskiya. A 1736 ya wallafa littafinsa Mechanica mai juzu'i biyu, inda ya mayar da dokokin motsi na Isaac Newton zuwa lissafin da kowane mai ilimi zai iya bi mataki-mataki. A 1735 zazzaɓi ya kusa kashe shi, zuwa 1738 kuma idonsa na dama ya daina gani. Shi a ganinsa ƙura wa taswirori ido ne ya jawo masa.

Abin da magabata suka bari

Kafin Euler, an daɗe da sanin rabin maganar. Arkimidis na Girka, wanda ya mutu shekara 212 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya nuna cewa sanda tana daidaita a kan madogararta idan nauyi sau tazara a wannan gefe ya yi daidai da nauyi sau tazara a wancan. Sabit bin Ƙurra, wanda ya rasu a Bagadaza a 901, ya rubuta littafi kan ma'aunin ƙarasɗun, wato mai dogon hannu da ake zura wa ƙaramin dutsen awo. Al-Khazini na birnin Marwa ya kammala Mizanul Hikma a wajen 1121. Manomin fadamar Rima da ke ɗebo ruwa da jigo, wanda ya ɗaura curin laka a gajeren gefen itace, guga kuma a dogon gefen, da wannan ilimi yake aiki ko da bai taɓa jin sunayensu ba.

Sai dai wannan lissafi na abin da ya daidaita ya tsaya cik ne. Idan gefe ɗaya ya rinjaya abu ya fara juyawa, da wane sauri zai juya? Dokokin da Newton ya wallafa a 1687 sun yi bayanin abin da aka tura ya tafi gaba, kamar dutse ko tauraro da aka ɗauke shi tamkar ɗigo guda. Christiaan Huygens na Holan ya warware wani ɓangare a 1673 lokacin da yake nazarin lilon agogo. Amma ƙa'ida guda da za ta haɗa dabaran keke da dutsen niƙa da jirgin da igiyar ruwa ke jijjigawa ba ta samu ba tukuna.

Berlin da ƙa'idar juyi

Siyasar Rasha ta dagule bayan mutuwar Sarauniya Anna a 1740, baƙi suka shiga zullumi. Euler ya amsa gayyatar Sarki Frederick na Biyu na daular Prussia, ya isa Berlin a 1741, ya yi shekara 25 a can. A 1749 aka buga littafinsa kan kimiyyar jiragen ruwa, wanda ya rubuta tun yana Rasha, inda ya yi lissafin tangaɗin jirgi. A 1750 ya gabatar wa Majalisar Kimiyya ta Berlin maƙalar da ta nuna cewa za a iya ɗaukar kowane sandararren abu a matsayin tarin ƙananan gutsattsari, a ɗora dokar Newton a kan kowane gutsure, sannan a tara sakamakon. Ya ci gaba da gyara wannan hanya har 1765, lokacin da ya fitar da babban littafinsa kan motsin sandararrun abubuwa.

Ƙa'idar tana tsaye ne a kan abubuwa uku. Na farko shi ne ƙarfin murɗawa: ƙarfin da aka sa, sau tazarar da ke tsakanin wurin da aka sa shi da cibiyar juyi, matuƙar an tura a gicciye da hannun abin. Makaniken da noti ya gagara ya san wannan. In ya danna sufana mai tsawon mita 0.25 da ƙarfin niyutan 200, wato kamar ƙarfin ɗaga kilo 20, ya samu ƙarfin murɗawa 50. In ya zura mata bututun ƙarfe tsawon ya kai mita ɗaya, ƙarfin hannunsa bai canza ba, amma murɗawar ta zama 200, notin ya saki.

Na biyu shi ne abin da za a iya kira nauyin juyi, wato gardamar da abu ke yi kafin ya fara juyawa ko kafin ya tsaya. A nan ne gudummawar Euler ta fi fitowa, kuma a littafinsa na 1765 ne sunan wannan awo ya zauna a bakin masana. Ana ɗaukar nauyin kowane gutsure, a ninka shi da tazararsa daga cibiya, a sake ninkawa da tazarar, sannan a tara duka. Ma'anar ita ce kilo ɗaya da ke nesa da cibiya ninki biyu yana gardama ninki huɗu. Abubuwa biyu za su iya yin nauyi ɗaya a sikeli, amma juya ɗaya ya fi juya ɗayan wuya nesa ba kusa ba. Matan da ke kaɗi sun gane haka tun kaka da kakanni: gululun yumɓun da suke sa wa mazari shi ke sa ya daɗe yana juyawa bayan an murza shi sau ɗaya.

Na uku shi ne ƙarin saurin juyi, wato yawan abin da saurin ke ƙaruwa da shi a kowane sakan. Ana auna kusurwa da radiyan, zagaye ɗaya cikakke kuma radiyan 6.28 ne. Ƙa'idar ta haɗa su ukun: a raba ƙarfin murɗawa da nauyin juyi, abin da ya fito shi ne ƙarin saurin juyi.

Misali zai fi fayyace zancen. A ɗauki babban faifan ƙarfe irin na injin niƙa, mai kilo 40, wanda daga cibiyarsa zuwa bakinsa rabin mita ne, kaurinsa kuma ɗaya ne ko'ina. Lissafin tarawa ya nuna cewa nauyin juyin irin wannan faifai shi ne rabin nauyinsa sau tazarar sau tazarar: 20 sau 0.5 sau 0.5, wato 5. Mai inji ya sa mariƙi mai tsawon mita 0.25 yana wanawa da ƙarfin niyutan 80, ƙarfin murɗawa ya zama 20. A raba 20 da 5, an samu 4. Ke nan, in aka ajiye batun gogayya a gefe, saurin faifan zai riƙa ƙaruwa da radiyan 4 a kowane sakan, bayan sakan biyar ya kai radiyan 20 a sakan, kimanin zagaye 190 a minti. Da a ce an tara kilo 40 ɗin nan duka a bakin faifan kamar zobe, nauyin juyin zai zama 10, ƙarin saurin ya faɗo zuwa 2. Zai fi wuyar tayarwa, amma in ya tashi ba ya saurin tsayawa, kuma dalilin da ya sa maƙeran injuna ke kaurara bakin irin wannan faifai ke nan, don injin kada ya shaƙe in an zuba masa hatsi.

Daga takarda zuwa inji

Euler bai bar ƙa'idar a kan allo ba. A wajen 1750 wani malamin Jami'ar Göttingen, Johann Segner, ya ƙera dabaran da ruwa ke juyawa yayin da yake fita ta bututai a gefensa. Euler ya yi nazarinsa a jerin maƙalu, zuwa 1754 ya fitar da lissafin da ke nuna ƙarfin murɗawar da ruwa ke ba farfela gwargwadon yadda ya shiga da yadda ya fita. A wannan shekara ce aka haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Maratta ta ƙasar Gobir. Injiniyoyi na amfani da wannan lissafi har yau wajen zana farfelolin madatsun ruwa irin na Kainji, wadda aka kammala a 1968, da Jebba da Shiroro, masu ba layin wutar ƙasa lantarki. A 1944 wani farfesa a Zurich, Jakob Ackeret, ya gina injin yadda Euler ya zana shi, ya tarar yana mayar da kimanin kashi 70 cikin ɗari na ƙarfin ruwa zuwa aiki. Euler ya kuma yi lissafin siffar da ta fi dacewa da haƙoran giya don juyi ya wuce daga dabara zuwa dabara ba tare da karkarwa ba. Daga akwatin giyar tirelar da ke kai albasa Kudu zuwa doguwar tanderun da ke juyawa a masana'antar siminti ta Kalambaina, wannan lissafi ne ke gaya wa injiniya girman injin da zai ɗauki aikin.

Zama da sarkin da ba ya son sa

Duk da wannan aiki, jininsa bai haɗu da na Frederick ba. Sarkin yana son masu iya zance da barkwanci irin Voltaire na Faransa, Euler kuwa mutum ne mai sauƙin kai, mai riƙo da addininsa, wanda ke tara iyalinsa addu'a da dare. A wasiƙunsa sarkin yakan yi masa ba'a da ido ɗayansa. Amma bai fasa ɗora masa aiki ba: gyaran magudanar ruwa ta Finow, lissafin fansho, tsarin caca ta gwamnati, kula da kuɗin majalisa da buga kalandar da majalisar ke samun kuɗin shiga da ita.

A 1749 aka nemi shawararsa kan yadda za a hau da ruwa kan tudu don ya riƙa feshi a lambun fadar Sanssouci. Ya yi lissafin matsin ruwa a cikin bututai, ya yi gargaɗi kan ƙarfin bututun da ake buƙata. Masu aikin, waɗanda suka fara da bututun katako, ba su bi lissafin ba, bututai suka yi ta fashewa, kuɗi suka salwanta. Bayan kusan shekara 30 sarkin ya rubuta wa Voltaire yana ɗora laifin a kan lissafi da masu lissafi. Ruwan bai yi feshi yadda ake so ba sai a 1842, da aka kawo injin tururi da bututun ƙarfe.

A 1760, lokacin Yaƙin Shekara Bakwai, sojojin Rasha suka wawushe gonarsa da ke Charlottenburg. Da labari ya kai ga kwamandansu sai ya biya diyya, Sarauniya Elizabeth kuma ta ƙara masa kuɗi masu yawa. Abokan gabar ubangidansa sun fi ubangidan sanin darajarsa. Bayan mutuwar shugaban majalisar, Maupertuis, a 1759, Euler ne ya riƙa tafiyar da ita, amma sarkin ya ƙi ba shi muƙamin, ya yi wa d'Alembert na Faransa tayi. A 1766 Euler ya nemi sallama, ya samu da ƙyar, ya koma St. Petersburg bisa gayyatar Sarauniya Catherine ta Biyu, yana da shekara 59.

Shekarun duhu

Bai daɗe da komawa ba yana ta rufe idonsa na hagu. A watan Mayun 1771 gobara ta cinye unguwarsu har da gidansa, wani ma'aikaci ɗan Basel mai suna Peter Grimm ne ya goyo shi ya fito da shi, aka kuma tsirar da yawancin rubuce-rubucensa. A shekarar aka yi masa aikin ido, ya gani na ɗan lokaci, sannan ciwo ya shiga, ganin ya tafi. A 1773 matarsa ta mutu bayan kusan shekara 40 suna tare. Bayan shekara uku ya auri 'yar'uwarta Salome Abigail.

Waninsa da ya ajiye alƙalami ba wanda zai zarge shi. Shi kuwa ya sa aka kawo masa babban allo yana rubuta manyan haruffa da alli, 'ya'yansa da almajiransa, irin su Nicolas Fuss da Anders Lexell, suna kwafewa, sauran lissafin kuma yana yin sa da ka. Littafinsa na aljabara da ya fito a 1770 shifta ya yi wa wani yaron gidansa da ya koyi ɗinki, wanda kafin a gama ya iya warware tambayoyin da ke ciki. A 1772 ya fitar da littafi mai shafi sama da 700 kan tafiyar wata. A 1775 yana kammala kimanin maƙala ɗaya a kowane mako. Kusan rabin duk abin da ya rubuta a rayuwarsa bayan komawarsa Rasha ne.

A cikin maƙalun 1775 ɗin ne ya rufe maganar da ya buɗe tun yana saurayi. Ya shimfiɗa dokoki biyu kafaɗa da kafaɗa, kowace mai cin gashin kanta: ƙarfi shi ke sauya tafiyar abu, ƙarfin murɗawa kuma shi ke sauya juyinsa. Duk motsin sandararren abu, komai rikicewarsa, waɗannan biyun ne a haɗe. Da su ake bayanin katantanwar da yara ke murzawa a ƙasa, da su kuma ake saita fuskar tauraron ɗan'adam a sararin samaniya.

Lissafin nasa ya kai ga ita kanta duniya. Ya nuna cewa ya kamata sandar da duniya ke juyawa a kanta ta riƙa ɗan tangaɗi, wanda lissafinsa ya ba shi kimanin wata goma. Ba a iya ganin wannan tangaɗi ba sai a 1891, lokacin da Seth Chandler na Amurka ya auna shi, ya tarar yana ɗaukar kimanin wata 14. Bambancin ya samo asali ne daga cewa duniya ba sandararren dutse ba ce, tana da tekuna, jikinta kuma yana ɗan lanƙwasa.

Mutuwarsa

Ranar 18 ga Satumban 1783 ya wayi gari lafiya. Ya yi lissafin yadda balan-balan mai ɗaukar mutane ke tashi sama, wadda aka fara gwadawa a Faransa a shekarar, ya ci abinci da Lexell suna tattauna falakin Uranus, duniyar da aka gano a 1781. Da yamma yana tare da jikansa sai jini ya zuba a ƙwaƙwalwarsa, kafin tsakar dare rai ya yi halinsa, yana da shekara 76. A lokacin Shehu yana da shekara 28, yana karantarwa da wa'azi daga Degel, birnin Sakkwato kuwa sai bayan shekara 26 Muhammadu Bello zai kafa shi.

Ya bar takardu masu yawan da Majalisar St. Petersburg ta shafe kusan shekara 50 tana buga su. Jerin ayyukansa da masanin Suwidin Gustaf Eneström ya tattara ya ƙunshi guda 866. A 1911 ƙasar haihuwarsa ta fara buga su gaba ɗaya, aikin da ya haura juzu'i 70, ya kuma ci fiye da shekara ɗari, ta kuma taɓa sa hotonsa a takardar kuɗinta ta faran 10. Yawancin alamomin da ɗalibai ke rubutawa a darasin lissafi, irin su harafin e da alamar tarawa, daga hannunsa suka samu gindin zama, kuma sau da yawa mai rubuta su bai san sunan wanda ya gadar masa da su ba.